Tafkin da Kaka Ya Hana

Har yau idan warin maganin feshi ya buge ni, sai in tashi in bar wurin. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, wannan magana ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ina da shekara goma sha biyu muka dawo ƙauyenmu na bayan Gella, bayan wata huɗu muna gudun hijira a kan duwatsu. Rumbu wayam, tukwane a farfashe, ko akuya ɗaya ba a bar mana ba. Abin da ya rage wa gari shi ne tafkin da ruwa ke kwanciya idan mayo, wato kogi, ya janye da rani. Kakana na wajen uba ne mai tsaronsa. Ba mai jefa ƙugiya sai ranar da ya ce an buɗe, gari duka a shiga su, wato kamun kifi, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci. Saura kwana shida a buɗe. Da lissafin kwanakin nan Inna take lallashin ƙannena idan sun fara kukan yunwa.

Ba mu da abin ɗiban ruwa. Ni kuwa da rawar kai, na tono jarkoki uku a tsohon ɗakin babana, na maganin auduga da aka daina sayarwa tun kafin a haife ni. Kowace da saura a ciki, mai kauri. Na tuttule shi a bakin tafki, na cuɗe jarkokin da yashi na ɗauraye su a cikin ruwan, na koma gida ina jiran yabo.

Bayan kwana biyu, kifi ya taso. Karfasa tana iyo a karkace, tana zagaye wuri ɗaya kamar wadda ta sha giya. Tarwaɗa, wadda santsinta kan gagari ƙarti, ta kwanta a gefe tana buɗe baki tana haki, yaro ma sai ya ɗauke ta da hannu ɗaya. Mutane suka ruga da kwanduna suna cewa Allah ya ji kukanmu.

Kaka ya tsaya a gabansu da sanda. "Kifin da bai gudu hannu ba, ba abinci ba ne. A binne."

Inna ta durƙusa. "Baba, yaran nan fa?"

Bai dube ta ba. Mun binne kwando goma sha ɗaya, ƙanena yana birgima a kan ramin. Da Kaka ya ga ina kuka sai ya dafa kaina: "Amarya, bari kuka, wanda ya yi ɗin Allah yana ganin shi." Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ganyen tafasa ne ya kai mu damina. Na ɗauka ruwan sama zai wanke komai, ashe maganin ya zauna a cikin laka. Kowane rani Kaka yakan kama kifi ɗaya ya duba: kai ƙato, jiki kamar tsinke, yana ci ba ya ƙiba, ya ɗan yi iyo ya gaji. Sai ya mayar ya ce bai warke ba. Har ya rasu bai buɗe ba.

Yanzu ba mai tsaro, kowa shiga yake, ana banda ana kaiwa kasuwar Mubi. Ni ina aure a Sabon Layi, ba na saye, ba na kuma hana kowa, don in na hana za a tambaye ni dalili. Makon jiya 'yata ta dawo daga hutu a ƙauye tana ba ni labarin miyar goggonta. Ta ce kifin tafkin Kaka ne, kullum sai ta nemi ƙari.