Kiran da Dannau Ya Hana Ni Ɗauka

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da matar yayana ta ce mini a waya, "Sai haƙuri, yayanka ya cika," ba. Sannan ta ƙara da cewa, "Sau uku ya sa na kira ka. Ya ce yana da magana da kai."

Duka kiran ukun na ji su. Na daɗe ban gaya wa kowa haka ba.

Kwana biyar na yi ina jinyarsa a asibiti a Kazaure, a zaune nake kwana. Da safiyar ranar ya dube ni ya yi murmushi. "Ni ne a kwance, amma ka fi ni kama da marar lafiya. Tafi gida ka runtsa, gobe ka zo mini da fura." Na hau acaɓa na koma Roni. Bayan azahar na kwanta rigingine a tabarma, wayar na gefen kaina.

Ƙararta ce ta farkar da ni. Idona a buɗe, ina ganin rufin ɗaki, amma hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ƙirjina kamar an ɗora masa buhun gero. Na so in yi salati, harshe ya ƙi. Dannau ne. Wayar ta katse, ta sake, ta sake. Da dannau ya sake ni na kira, ba a ɗauka ba.

Shekara uku ina ganin wani zunubina ne ya sa aka danne ni a wannan lokacin. Wata rana na buɗe cikina ga maƙwabcina, malamin asibiti. Ya ce idan mutum yana mafarki, ƙwaƙwalwa kan kashe masa gaɓoɓi don kada ya ji wa kansa ciwo. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa. Rashin barci, damuwa da kwanciyar rigingine suna jawo shi.

Ya ce, "Malam, kafin ranar, kwana nawa ka yi ba barci?"

"Biyar."

"To, zaman da ka yi a gefensa ne ya kawo shi, ba laifinka ba."

Daga ranar na koyi in tambaya kafin in yanke wa kaina hukunci. Na daina zargin kaina, ina yi masa addu'a. Amma har yau ban san maganar da Yaya ya so ya gaya mini ba.