Igiyar Goulven

Ƙanena Goulven kafinta ne, mai gyaran jiragen masunta a garinmu na bakin teku, can ƙurewar yammacin Faransa. Ni Marivon ni na goya shi, don haka ina da bakin cewa ba shi da wata baiwa sai taurin kai. Bai iya rawa ba, bai iya hira ba. Abu ɗaya ya taɓa yi na masu hankali, ya auri Katell, 'yar manoma daga cikin ƙasa, wadda ta san shanu ciki da waje amma ba ta san komai na ruwa ba.

Furfura ta fara fito masa ya shigo shagona na bakin kwatar jiragen ruwa, inda nake sayar da kofi da fanke, ya ce zai tsallake teku shi kaɗai daga Senegal zuwa Kudancin Amurka. Ba inji, ba abokin tafiya, sai filafili biyu na tuƙa kwale-kwale da ƙarfin damtsensa.

Tsoho Jakez, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kamun kifi ya koma zaman shagona, ya ajiye kofinsa. "Kai yaro, jirgin sama ne ya ƙare? In Katell ce ta hana ka abinci, zo gidana ka ci."

Ni kuwa zagi na yi wa Goulven tas. Ya saurara har na gaji, ya shanye kofinsa ya fita.

Abin da ya gani a can, guntu-guntu na tsinta daga bakinsa daga baya. Tafin hannu ya yi bororo ya fashe, gishiri ya shiga, ya sake fashewa. Maruru suka cika masa mazaunai har wando ya gagara, ya koma tuƙi tsirara a kan buzu. Yatsunsa suka ƙage a kan filafili, in ya farka sai ya sa haƙori ya miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Wurin kwanansa bai fi akurkin kaji ba. Wani lokaci ya kwanta a gajiye, ya tashi ya tarar iska ta mayar da shi baya, wahalar kwana da kwanaki ta tafi a banza. Da kaɗaici ya yi masa yawa sai ya fara jin ƙararrawar cocinmu a tsakiyar ruwa, da muryar marigayi babanmu yana kiransa cin abinci.

Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita. Akwai igiya a ƙugunsa, bakinta ɗaya maƙale da jirgi da ƙugiyar ƙarfe. Ko fitsari zai yi ba ya cire ta, domin wanda ya faɗa ruwa babu ita, jirginsa ya fi shi sauri, kuma ba mai juyowa.

Ya isa dai, ya dawo mana bayan watanni, ƙashi da fata. Aka yi kiɗa, fada, limamin cocinmu, ya sa albarka, aka sha giyar tuffa har wasu suka kwana a titi. Shi ko kofi bai iya riƙewa sai da hannu biyu.

Jiki ya murmure, amma igiya ba ta bar ƙugunsa ba. In zai kwanta ya maƙala ta a ƙafar gado, in yana aiki a jikin teburinsa, in zai fito ya naɗe ta a cikin riga yana riƙe da ƙugiyar. Jakez ya raɗa masa suna akuyar Katell. "Yau an sako ka kiwo ne? Kar dai ka ci furannin fada!" Ana dariya, shi ma ya ɗan murmusa.

Katell ce ba ta dariya. Ta kai shi wurin likita, ta kai shi wurin fada, ta cusa masa man shanu har ya yi kumatu. Wata rana ta zauna a bayan shagona tana kuka. "Yaya, gangar jiki kawai aka maido mini. Ina kwance kusa da shi, amma gado ya fi ni amana a wurinsa. Mijina nake so."

Na tausaya mata har cikin raina, na tare shi wani yammaci da ruwan sama ya kori mutane. Ya yi magana yana juya ƙugiyar.

"Yaya, akwai ranar da teku ya kwanta lum, ba iska, ba ko tsuntsu. Baba ya ce in sauko haka nan, na gaji. Ban ankara ba sai ga hannuna ya buɗe ƙugiya da kansa. Fuskar Katell na tuna, na mayar." Ya dubi hannun kamar na wani. "Ba ruwa nake tsoro ba. Har yanzu Baba bai daina kira ba."

Washegari na kwashe duka na faɗa wa Katell, na ce ta bar masa igiyarsa. Duk 'yar masunta da ta ji wannan za ta ƙara masa wata ma. Amma ita a gidansu maraƙi ake ɗaurewa, lafiyayyen mutum sake yake yawo. Ta ce in dai fuskarta ta hana shi a can, to ga ta nan gaba ɗayanta, me zai yi da igiya? Ba faɗa take masa ba, lallashi ne, safe da yamma: ka cire don ni.

Wata safiya a farkon sanyi ta faɗo shagona da gudu, ko mayafi babu, fuskarta kamar ta amarya. Igiyar na hannunta, an naɗe ta tsaf yadda masu jirgi ke naɗewa.

"Yaya, ya warke! A kan matashina na same ta. Don ni ya cire!"

Jakez ne ya fara ganewa. Ya miƙe, tsohon da sai an ja shi, ya riga ni fita bakin kwata.

Ƙaramin kwale-kwalen da Goulven ke gwajin aiki da shi ya riga ya wuce bakin duwatsu. Muna hango shi yana ja a natse, yana sunkuyawa yana miƙewa. Katell ta iso tana haki, ta ɗaga igiyar tana kaɗa masa.

"Ku duba, mu yake kallo! Gida yake kallo, yanzu zai dawo."

Ba wanda ya iya gaya mata cewa haka ake zama a irin wannan tuƙin. Mai filafili bayansa yake ba inda za shi, fuskarsa na wajen abin da ya bari.

Maza suka tada injina suka bi shi, amma hazo ya riga su sauka a kan ruwa. Sai washegari aka samu kwale-kwalen, filafilan a jere a ciki.

Katell ba ta koma gidan iyayenta ba. Tare muke suyar fanke yanzu, ita da ba ta son warin kifi. In baƙo ya tambayi igiyar da ke rataye a bayan ƙofa, ita ke amsawa. Takan ce ta mijinta ce, kuma har ya ɓace mata da gani bai ɗauke ido daga kanta ba. Ni dai sai in juya fanke.