Allon da Na Gani a Nkawkaw

Mun tashi da asuba daga Zangon Kumasi, ana sallame salla a masallacin bayan gidanmu. Mu huɗu ne: yayata, abokan karatunta maza biyu, sai ni. Ni ba na cikin ƙungiyarsu, a sakandare nake. Mma ce ta ce 'yarta ba za ta je Accra ita kaɗai cikin maza ba, shi ya sa aka rataya mini jakar kwamfuta aka ce in bi su.

Gasar ɗaliban jami'a za su je. Wata shida suka yi suna gina manhaja ta intanet mai shirya jadawalin darussa. Ɗalibi zai shigar da darussan da yake son ɗauka, ita kuma ta jera masa mako. Idan biyu suka faɗo a lokaci ɗaya sai su yi ja, ta nuna masa yadda zai kauce. Wannan ɓangaren na ja yayata ce ta rubuta shi, kuma tana da dalili. A shekararta ta biyu an sa mata darussa biyu a awa ɗaya ranar Talata, ta riƙa raba kanta tsakaninsu har ta faɗi ɗaya, aka ƙara mata shekara. Baba, wanda ke gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai da ke Suame, bai manta da wannan shekarar ba. Ƙungiyoyi uku da suka ci gasar za a ɗauke su horon aiki. A bakin ƙofa ya ce mata, "In sun ɗauke ki, ki je da albarkata. In ba su ɗauke ki ba, ranar Litinin kawunki na jiranki a shagon kayan mota."

Sunan manhajar Gobe, domin kowace yamma tana gaya wa ɗalibi abin da ke gabansa gobe. Daga bakin Mma aka ɗauko shi, ita ce kullum take cewa gobe ta Allah ce amma a shirya mata.

A tashar Asafo an ƙara kuɗin mota, kuma sai da aka karɓi sidi goma na jakar da a kan cinyata za ta zauna. Mun sha koko da ƙosai a tsaye. Kafin Ejisu wani mai wa'azi ya miƙe a tsakiyar mota, ya yi mana addu'a da yaren Tuwi, yana gamawa ya buɗe jakarsa ya koma mai sayar da maganin basir. Wajen Konongo na lura shugaban ƙungiyar, dogo mai gilashi, ya saɓa maɓallan rigarsa. Na faɗa masa a hankali. Ya gyara, sannan ya ce da ƙarfi, "Hajiya ƙarama ta fara aiki. In mun isa ke za ki yi mana jawabin." Har matar da ke bayanmu ta yi dariya. Na ja mayafina na juya wajen taga.

A Nkawkaw direba ya tsaya minti goma sha biyar. Gajimare ya zauna a kan dutsen Kwahu kamar hula, masu burodi suna ta buga gilashin mota. Ina neman wurin wanke hannu sai na ga wani kiyos, ɗan shagon katako mai launin ɗorawa, an rubuta a goshinsa da jan fenti: GOBE. A ƙasa wata mata tana zuba wake da garin rogo da manja a ganye, tana ɗora soyayyar ayaba.

Ga waɗanda ba 'yan Gana ba, haka ake kiran wannan abincin a nan, abincin ɗalibi ne idan aljihu ya bushe. Ba wai ba mu san shi ba, dukkanmu muna ci. Amma a bakinmu kalmomin biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ta abinci ana buɗe baki, tamu ana tattare shi. Wata shida suna cewa gobe da Hausa, ba wanda ya ji warin wake. A rubuce kuwa babu bambanci. Jiyan nan na ga shafin farko na jawabinsu: haruffa huɗu manya, farare a kan kore. Su ne waɗannan a goshin kiyos.

Na koma mota. Kwamfutar tana kan cinyata. A takardar rajista lamba aka ba su, ba suna ba, canza shafin kuma ba zai ci minti biyar ba. Na dubi yayata, idonta a rufe, leɓɓanta suna maimaita jawabinta. Na dubi shugaban. Na ce a raina, mutum uku masu karatun jami'a, ai ba za su rasa ganin abin da ni na gani ba. Na bar jakar a rufe.

A Nsawam na buɗe baki zan faɗa, sai yayata ta miƙo mini burodi, na ci. Daga Pokuase zuwa cikin gari mun fi awa guda a cunkoso, masu talla suna sayar da komai daga ruwan leda har kan gado na yara. A nan ma ban ce komai ba.

Zauren gasar yana da sanyi har yatsuna suka ƙage. Kowace ƙungiya minti biyar, ga agogo mai jajayen lambobi yana ƙirgawa baya. Tsarinsu shi ne shugaban ya yi minti biyu, na biyun ya yi ɗaya, yayata ta rufe da nuna yadda manhajar ke kama darussan da suka ci karo.

Haruffan suna fitowa a bango aka fara dariya daga baya, ta taho gaba layi-layi. Wani ya ce da Tuwi a ƙara masa ayaba. Ɗaya daga cikin alƙalan, mai farin gemu, ya jawo makirfo ya tambaya da Turanci, "Da ƙwai ne ko babu?"

Shugaban ya tsaya yin bayani, ya ce kalmar Hausa ce, tana nufin ranar da ke bin yau. Mai gabatarwa ya ce, "Wato yau ba ku sayarwa ke nan." Zauren ya sake rushewa. Ni ban kalli kowa ba sai agogo. Ba a tsayar da shi ba. Shugaban ya rikice, ya koma farkon jawabinsa. Lokacin da makirfo ya iso hannun yayata saura daƙiƙa arba'in. Ta shigar da darussa biyu na ranar Talata, suka yi ja, ta buɗe baki za ta nuna gyaran, ƙararrawa ta kaɗa.

Ba a kira lambarsu ba. A waje wasu ɗalibai suka roƙi a ɗauke su hoto da "'yan gobe". Yayata ta tsaya, har da murmushi. Wannan murmushin ya fi komai yi mini ciwo.

Mun kwana a unguwar Nima wurin gwaggonmu. Ta dafa mana shinkafa da wake, ta rasa dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa kwanon.

Washegari a hanyar dawowa mazan biyu suka zauna nesa da juna. A Nkawkaw direba ya tsaya a wancan wurin dai. Yayata ba ta sauka ba, amma kiyos ɗin yana daidai tagarmu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Jiya ma yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Yaya."

"Kin gan shi?"

Na gyaɗa kai.

"Kin gane?"

Na sake gyaɗa kai. Na so ta zage ni. Ta ce kawai, "Maɓalli kin iya faɗa." Ta karɓi jakar kwamfutar daga cinyata ta ɗora a tata, haka muka iso Kumasi.

Baba yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Ya dubi fuskarta, bai tambaya ba, ya ce a shiga a ci abinci. Ranar Litinin da safe yayata ta shiga trotro, motar haya mai zuwa Suame, da hijabinta mai ruwan toka wanda ba ya nuna baƙin mai.

A wannan tafiyar na ga dutsen Kwahu, na ga gadar sama ta Pokuase, na san alƙali zai iya cinye minti biyu na wani da wasa ya koma gida ya manta. A makaranta ana yabona da kunya, Mma ma tana alfahari da ita. Ni yanzu na san kunyata ba ni ta ci ba, yayata ta ci.

Tana yi mini magana, har tsire take kawo mini daga Magazin. Amma tun muna ƙanana idan za mu rabu takan ja kunnena ta ce sai gobe. Yanzu sai an jima take cewa.