Kwamfutar da Ta Ƙetara Iyaka Tana Zaune

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu abin da zai gagare ni a harkar kwamfuta, wani abokina ya kira ni aiki. Yana da shagunan magani uku, a Bagudo da Sharabi da Illo. Na haɗa masa kwamfutocin yadda duk abin da aka sayar a wani shago, sauran za su gani nan take. Ta Bagudo ce uwa, wadda sauran ke aika wa bayanai, kuma saboda ɓarayin intanet an saita ta kada ta saurari kowa daga wajen Najeriya.

Da damina ta kankama sai ta Illo ta fara tsiya. Wani lokaci bayananta su iso, wani lokaci shiru. In na kira matar da ke tsaron shagon sai ta ce, "Wallahi malam, intanet na nan, yanzu ma nika amfani da shi."

Ana cikin haka kububuwa ta sari wani manomi a Sharabi. Aka duba kwamfuta, ta nuna akwai maganin dafi a Illo. Ƙanensa ya hau babur cikin taɓo ya tafi, ya tarar an sayar da shi tuntuni. Sai da aka kwashi mutumin zuwa asibiti, ƙafa ta riga ta kumbura suntum. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi.

Abokina ya kira ni. "Wagga na'ura taka ta kusa kashe mutum. Mi ad damuwarta?"

Na tafi Illo. Na canza waya, na sake saita agogo, na goge manhajar na ɗora sabuwa. Abin haushin, duk ranar da na zauna gabanta lafiya lau take aiki, kamar mara lafiyar da ya ga likita ya warke. Ina juya baya ta koma halinta. Har na fara zargin matar tana kashewa ne, ita ma ta fara yi mini kallon wanda bai san aikinsa ba.

Wata la'asar ina shagon hadari ya haɗo. Sabis ya ɗauke a wayata ɗif, amma na ga kwamfutar tana buɗe shafuka abinta. Na ce, "Hajiya, ta ina wannan take samun intanet?"

"Layin ƙasar Benin na sa cikin akwatin intanet ɗin. Na ga akwai wurin layi biyu. In namu ya ɗauke sai shi kama wancan."

Illo fa a bakin iyakar Jamhuriyar Benin take. Ashe duk sanda sabis ɗinmu ya faɗi, kwamfutar Illo ta zama baƙuwa daga ƙasar waje, uwar Bagudo ta rufe mata ƙofa.

Da na yi mata bayani ta riƙe baki. "Wace ƙasar waje? Can fa gidan kawuna yake, da ƙafa muke zuwa suna."

Gyaran bai ɗauke ni tsawon shan shayi ba.

Har yau na kasa yanke laifin wa ne. Matar taimako ta yi, na'urar kuma umarni ta bi. Abin da dai na sani, tun daga ranar in magana ta shafi rai, ko me allo ya nuna mini sai na ɗaga waya na kira mai tsaron shagon na ce, "Don Allah tashi ki duba da idonki."