Tayoyin da Magnhild Ta Zaɓa wa Tudun Brattli

Duk wanda ya girma a kwarinmu ya san Magnhild Tofte, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana raba wasiƙu gida-gida, kuma ba a taɓa jin ranar da ta ce hanya ta hana ta fita ba. In dusar ƙanƙara ta binne akwatin wasiƙarka, za ta tone shi da hannunta, ta saka maka takardarka, sannan ta buga ƙofa ta gaya maka cewa kai rago ne. Yanzu shekarunta saba'in da biyu. Ta daɗe da ajiye aiki, amma bakin nan nata bai yi ritaya ba.

A Brattli take zaune, gidan da aka haife ta, can saman tudu. Daga titi zuwa ƙofarta hawa ne na kilomita ɗaya da rabi, da lanƙwasa uku, kwanar tsakiya ita ce muguwa. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar ta da 'ya guda, Solfrid, wadda ke koyarwa a Trondheim, kuma ta kwaso taurin kan uwar kaf ba ta rage komai ba.

Ba don kwalliya Magnhild ta sayi mota mai lantarki ba. Gidan man ƙauyen aka rufe, na kusa kuma sai ka yi tafiyar kilomita arba'in. Ta karɓi motar a watan Fabrairu, ba ta ko dubi tayoyin da aka haɗo ta da su ba, mako biyar bayan nan motar ta sulale da ita a kwanar tsakiya ta kwanta cikin kwalbati a hankali, ko ƙwarzane babu. Maƙwabcinta Eilif ya jawo ta da tarakta, ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Kafin ta gama shan kofi Solfrid ta bugo waya.

Daga ranar aka shiga rigima. Solfrid ta je ta rubuta sunan uwar a jerin masu jiran ɗaki a gidajen tsofaffi da ke ƙasa, kusa da kanti, inda ko'ina shimfiɗe yake kuma kowace safiya ake watsa yashi a hanya don hana santsi. Aka ce ɗaki zai samu bayan sabuwar shekara.

"Ni za ki kai can?" in ji Magnhild. "Wurin da mutane ke zaune bakin taga suna jiran a zo a auna musu jini? Rabinsu ni na kai musu takardar fanshonsu ta farko."

"Mama, mota ta kwanta da ke a rami."

"Taya ce ta kwanta da ni. Ki saurara da kyau. Muddin ina iya hawa da sauka tudun nan da kaina, ba mai ɗaga ni daga gidan ubana. Ranar da na kasa, ni da bakina zan ce miki."

A kan haka aka tsaya. Shi ya sa da kaka ta shigo, zaɓen tayar sanyi ya zame wa Magnhild maganar zama ko tashi.

Ita a ganinta aikin minti goma ne. Tana da tayoyi huɗu masu ƙusa a rumbu, irin waɗanda ake dasa wa ƙananan ƙusoshi don su kama ƙanƙara, na tsohuwar motarta, ba su wuce sanyi biyu ba. Ta loda su ta kai garejin Arnfinn. Ya dube su, ya dubi motar, ya sosa ƙeya.

"Magnhild, waɗannan ai ba za su shiga ba. Ko sun shiga ba za su ɗauka ba. Motar nan ta haura tan biyu, batirin kaɗai ya kai nauyin saniya."

"To ba ni irinsu, manya."

"Masu ƙusa ko marasa ƙusa?"

Ta yi masa wani irin kallo. A zamaninta wannan ba tambaya ba ce. Amma Arnfinn ya riga ya ɗauko zance. Wai masu ƙusa suna shan batir. Wai motar ba ta da ƙarar inji, don haka duk ƙusa sai ta ji ta a cikin kunnenta. Wai marasa ƙusa na yanzu robarsu laushi gare ta, tana kama dusar ƙanƙara yadda ya kamata, amma a kula, akwai waɗanda aka yi don ƙasashen kudu, su da sanyi ya tsananta sai su sandare kamar katako. Ya kawo lambar nauyi, ya kawo lambar gudu, ya kawo wata takarda mai launi-launi. Ta shiga garejin da abu ɗaya a kanta, ta fito da goma sha biyu, ga ciwon kai.

Kuma abin haushi, a ƙasar nan ba wanda ba malamin taya ba ne. Ka tambayi mutum lafiyar matarsa ya ce maka da sauƙi ya yi shiru, amma ka ce masa taya, sai ka nemi kujera. Mai kanti ta ce marasa ƙusa, ita shekara shida ke nan ba ta ga komai ba. Magnhild ta tuna mata cewa gidanta na bayan kantin ne, taku ashirin. Bayan sujada ranar Lahadi, wurin shan kofi, dattawa biyu suka kusa ba hammata iska a kan maganar, ɗaya daga cikinsu kuwa an karɓe masa lasin tun bara. Eilif ya ce ƙusa, ƙusa, ƙusa, sai ta ji har ta fara shakkar ƙusar, don ba ta taɓa ganin Eilif ya yi daidai a kan komai ba.

Mafi muni shi ne surukinta Vebjorn, mijin Solfrid. Mutumin kirki ne, sai dai komai nasa sai an yi jadawali. Ya aiko mata da shafi huɗu na gwaje-gwajen taya, ya ja layi ja a ƙarƙashin wadda ya zaɓa mata, marar ƙusa, irin tasu. Sannan ya bugo waya.

"Mama, kin ga shafi na uku? Za ki ƙara kilomita talatin a kowane caji."

"In je ina da su? Kanti zan je, ba Sweden ba."

"Kuma in kin zo wurinmu ba sai kin biya kuɗin shiga gari da ƙusa ba."

"Vebjorn, sau nawa na zo garinku bara?"

"Sau ɗaya."

"Sau nawa na hau tudun nan?"

Ta ji yana juya takarda. Ya ce gwajin ya nuna bambancin ba shi da yawa. Ta ce a tambayo mata masu gwajin ko sun taɓa zuwa Brattli ranar da aka yi ruwa a kan daskararriyar ƙasa. Ta kashe wayar tana huci, ta toya waina mai yawa da ba mai ci, don hannunta ya sami abin yi.

Gaskiyar da ba ta gaya wa kowa ba ita ce tsoro take ji. Tsohuwar motarta ta san ta kamar tafin hannunta. Wannan kuwa kana ɗaga ƙafa daga totur sai ta ja birki da kanta, kana taɓa shi sai ta zabura. Ranar da ta faɗa kwalbati ba ta yi kuskuren komai ba a iya saninta, abin da ya fi damunta ke nan. Ta yi mako uku tana karanta shafukan Vebjorn a ɓoye, tana jan tsaki.

Ranar da ta yanke shawara, da ƙafa ta sauka zuwa kwanar tsakiya. Ta tsaya tana kallon ruwan da ke tsattsafowa daga jikin dutse yana ratsa hanya, kamar yadda yake yi tun tana yarinya. Nan da wata guda wannan wurin zai zama gilashi. Roba komai laushinta ba ta da abin kamawa a kan gilashi. Ta koma gida ta kira Arnfinn.

"Masu ƙusa. Waɗanda suka fi kowanne yawan ƙusa. Kuma in ka sake ce mini batir, zan zo in same ka."

"Sai dai ki yi haƙuri, layi ya kai mako biyu. Kin san mutanenmu, sai an ga fari a kan dutse kowa ke tunawa yana da mota."

"Arnfinn, ni na riƙa kawo maka wasiƙun yarinyar nan ta Bergen, ban taɓa gaya wa uwarka ba."

Washegari da safe aka ɗaura mata tayoyin. Ya ce ta bi su a hankali kilomita ɗari biyar na farko don ƙusoshin su zauna. Ta bi umarnin kamar na likita. Kwana goma tana hawa da sauka kwarin nan da gudun keke, motoci jere a bayanta, ba mai iya yin hon don kowa ya san ko wace ce.

Ranar gwaji ta zo wata Asabar a ƙarshen Nuwamba. An kwana uku ana sanyi mai fasa dutse, sai da asuba aka yi yayyafi, ya daskare nan take. Gari ya waye komai yana ƙyalli. Ranar ce kuma Solfrid ta ce za ta zo cin abincin rana, wanda Magnhild ta san duba ta za a zo yi. Tana da komai a gida, amma ta ce ai babu kirim ɗin madara. Ta shiga mota ta sauka.

Ƙusoshin suka riƙe. A dawowa ta shiga kwanar tsakiya, ta ji tayoyin na ƙartar ƙanƙara, ƙararar, ƙararar, motar ko gezau. Ta iso tsakar gidanta tana dariya ita kaɗai, tana shirya kalmomin da za ta jera wa Vebjorn. Ta buɗe ƙofa, ta ɗauki ledar kanti, ta yi taku uku.

Akwai robar nan mai ƙusa da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi. Magnhild tana da ita har kala biyu, duk kyauta, suna rataye a bayan ƙofa da takardarsu. Ba ta taɓa sawa ba. A wurinmu wanda ya ɗaura wannan abu ya shelanta wa duniya cewa ya tsufa, ana jin ƙwas-ƙwas ɗinsa tun daga bakin kanti. Mace ta yi mako uku tana zaɓa wa mota ƙusa, ita kuma ta fito kan gilashi da takalmin fata.

Ƙafafunta suka tashi sama. Ta kai hannun dama don ta tare, ta ji ƙas.

Ta daɗe a kwance tana kallon sama, takaici ya fi ciwon yawa. Ta yi yunƙurin tashi sau uku, santsi yana mayar da ita. A ƙarshe da rarrafe ta kai ƙofa, da gwiwa biyu da hannu ɗaya, tafiyar da ba ta kai taku goma sha biyar ba ta ci mata kusan rabin awa. Ba ta kira kowa ba. Ta naɗe hannun da tawul, ta zauna bakin taga tana rawar sanyi.

Daga nan ta hango motar Solfrid ta baro titi. Ta wuce kwanar farko da ƙyar. A ta tsakiya ta tsaya cak, ta yi baya-baya a karkace, ta jingina da tarin dusar gefen hanya. Magnhild ta ga 'yarta ta fito, ta kama hawa tana dafa shinge.

Solfrid ta shigo tana haki, bakinta cike da faɗa, sai idonta ya sauka kan tawul ɗin, da gwiwoyin wandon da suka jiƙe.

"Mama! Motar ce?"

"Motar lafiyarta ƙalau. Ga makulli can, ɗauko. Taki ai ta gaji."

Solfrid ta saka wa uwar riga, ta durƙusa ta ɗaura mata robar ƙusar a takalmi, Magnhild ta kau da kai ta bar ta. Suka shiga motar Magnhild za su asibiti, 'yar a sitiyari.

Suka gangaro a hankali. Suka raɓa ta gefen motar Solfrid a kwanar tsakiya, tayoyin na ƙarta, ba su goce ko taƙi ɗaya ba. Solfrid ta sauke numfashi.

"Kai, Mama. Tayoyin nan sun riƙe hanya. Ke ce da gaskiya, zan gaya wa Vebjorn."

Makonni Magnhild ta yi tana jiran wannan magana. Ga ta ta zo, kuma ba ta ji daɗin komai ba. Tana tuna rabin awar nan a tsakar gida, da cewa ba don yau ce ranar zuwan Solfrid ba, ba wanda zai hawo tudun sai Talata.

"Gobe ki hawo da wannan motar," in ji ta. "Ki sauka ɗakin ƙasa ki rufe babban famfo, ki zuƙe ruwan bututu duka."

Solfrid ta waigo. Ita ma 'yar kwarin ce, ta san ba a zuƙe bututu sai gidan da za a bari ba kowa har sanyi ya wuce.

"Mama, ɗori kawai za a yi miki. Kwana ɗaya ne, ko biyu."

"Na san abin da na ce. Ki dubi hanya, akwai sauran kwana ɗaya kafin titi."