Wuyan Barewa

A farkon shekarun tamanin ina aikin yanke ciyawa da share ganye a gidan wani tsohon Bature a unguwar Irving Park ta birnin Greensboro, can ƙasar Turawa. Masaƙa yake da ita, kuma mutumin kirki ne daidai gwargwado, sai dai falonsa ya fi kama da mahauta. Ga kan ɓauna a bango, ga na gwanki, ga fatar damisa a shimfiɗe ana taka ta. Ranar da na fara shiga kai masa itacen hura wuta, na tsaya ina kallo, sai na tambaye shi wa ya cinye naman duk waɗannan. Ya ce yana jin mutanen ƙauye ne can ƙasashenmu inda ya harbo su, bai dai tsaya ya gani ba, jirgi na jiransa.

Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma bakina ya ja ni, na ce ai ni ma ɗan gidan maharba ne. Gaskiyar magana kawuna ne maharbi, ni kuwa aikina riƙe masa gora, kuma babbar dabbar da na taɓa kashewa gafiya ce. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce in sanyi ya shigo zai tafi da ni daji, akwai wani namijin barewa da ya daɗe yana nema, ƙahonsa kamar reshen tsamiya.

A lokacin nan samun yankakken nama a Greensboro sai an sha wuya. Ƙwai da kifin gwangwani muke ta fama da su a ɗan ɗakinmu na High Point Road. Ga matata da cikin fari, ba ta faɗa da baki saboda kunya, sai dai kullum in mun zauna cin abinci ta ɗauko labarin balangun wani mai nama na bakin tasharsu. Da na ba ta labarin farautar, sai ta ajiye cokali.

"Malam, shi kan barewar kawai yake so?"

"Haka ya ce."

"To sauran jikin fa, gadonsa za a raba?"

Na je wurin wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya da ke jan mu salla, na tambaye shi hukunci. Ya ce in na riske ta da sauran rai na yanka da bisimilla, babu wata tababa. Ya ƙara da cewa kada in manta gwauraye ma suna da haƙƙi a cinya.

Ranar tafiya na wasa wuƙa na soke a cikin safa. Tsohon ya ba ni wata hula ruwan lemo, ya ce don kada wani ya ɗauke ni barewa ya harbe. Muka hau wani ɗan dandamali a kan itace muka zauna, sanyi na cin ƙashina. Can da hantsi sai ga wata matashiyar barewa, mai ƙiba, ta zo har ƙarƙashinmu tana kiwo. Ina kallonta ina ganin farfesu. Tsohon ya raɗa mini cewa, a wurinku maharbin gaske zai taɓa irin wannan? Kawuna da irinta yake ciyar da gida, babban namiji kuwa barinsa yake yi, ya ce shi ne uban garke. Na san haka sarai. Amma hular ta hau mini kai, na ce a'a, mu babba muke nema. Har yau in na tuna wannan amsa sai in yi istigfari.

Ba a jima ba uban garken ya fito, yana tafiya a hankali kamar mai unguwa. Tsohon ya saki harsashi, dabbar ta faɗi tana shure-shure. Ban san lokacin da na diro daga itacen ba. Ina gudu ina jin yana kirana daga baya, na ɗauka jinjina yake yi mini. Na isa, na juya ta gabas iyakar ƙoƙarina, na yi bisimilla, na yanka yanka mai kyau, daga wannan kunne zuwa wancan, yadda ko limamin garinmu ba zai sami abin cewa ba.

Tsohon ya iso yana haki. Ya dubi wuyan, ya dube ni, ya zauna a ƙasa.

"Me ka yi?"

"Na halatta ta, ranka ya daɗe."

"Ai da ka bar ta minti ɗaya da ta mutu da kanta."

"Abin da na yi wa gudu ke nan."

Ashe masu rataye kai a bango fatar wuya har zuwa kafaɗa suke so lafiya lau, ko ƙwarzane ba a so. A hanyar dawowa muka biya wurin mai gyara musu kawunan. Mutumin ya ɗaga kan, ya ga yana reto, ya tambaya ko mota ce ta taka ta. Ya ce zai iya ɗinkewa, amma duk baƙon da ya shigo falo zai ɗauka an yi wa barewar aiki a asibiti. Tsohon ya ce a sare masa ƙahon kawai. Daga nan muka wuto gari. Ya sauke ni da gangar jikin a ƙofar gida, ya ce ganyen bana zai sa wani ya share.

Ban damu sosai ba a ranar, don na shigo gida da nama niƙi-niƙi. Matata ta ɗora tukunya tana murmushi. Da ruwa ya fara tafasa sai wani wari ya tashi, irin na tsohon bunsuru, har maƙwabcinmu ya buga bango. Lokacin barbararsu ne ashe, ga kuma tsufa. Ta zuba citta, ta zuba kanumfari, ta ƙara tafarnuwa, naman nan ya daɗe a wuta yana nan kamar tayar keke. Ta daure ta kai yanka ɗaya baki, sai ta tashi da gudu ta yi banɗaki.

Gwaurayen jami'a ne suka zo da yamma suka kwashe shi, suna cewa ai yaji na gyara komai. Bayan sun tafi na buɗe tagogi duk da sanyi, na zauna na ba ta labarin dajin tun daga farko, har da matashiyar barewar da ta zo ƙarƙashinmu.

"Mai ƙiba ka ce?"

"Mai ƙiba."

"Kuma da bakinka ka ce a bar ta."

Na ce haka ne. Ta ja bargo ta rufa, ta ce in tashi in soya mata ƙwai.