Katunan Yaya a Cikin Leda

Ni ban taɓa son ƙwallo ba, gara in faɗi wannan tun da fari. Abin da ya riƙa kai ni bakin fili shekara da shekaru shi ne yayana, wanda ya girme ni da shekara bakwai, mai facin keke da babur a Kabo. Shi kam ƙwallo ta shiga jininsa tun muna ƙanana. A lokacin ana sayar da wani cingam a teburan kasuwa, kowane ƙunshi da ɗan kati a ciki mai hoton ɗan wasa. Yaya yakan saya ya miƙo mini cingam ɗin, shi ya adana katin a wani gwangwanin alewa. Na tauna har haƙorana suka san da zamana, shi kuma ya tara kati ɗari da 'yan kai. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da aka cika da hotuna. Bai yi mata musu ba, ya dai ɗauke gwangwanin ya mai da shi rumfar mai facin da yake koyon aiki a wurinsa.

Da ya girma yana cikin waɗanda suka haɗa ƙungiyar ƙwallon matasan garinmu. Bai iya bugawa ba, ƙafafunsa duka biyun na hagu ne, amma shi ke yi wa ƙwallonsu faci, shi ke ba ta iska. Kowace shekara garuruwan yankin suna yin gasa, a buga wasan ƙarshe a Gwarzo, inda nake koyarwa a firamare. Yaran da suka fara bugawa sun tsufa, 'ya'yansu sun karɓa, kofin nan bai taɓa kwana a hannunmu ba. Duk da haka, da an fara gasa Yaya zai ce bana tamu ce, da fuskar mai ba da labarin abin da ya riga ya faru.

Sai idonsa ya fara tafiya. Likitoci a Kano suka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Muka yi ta ɗiga magani safe da yamma, abin yana ci gaba da abinsa kamar ba a yi. Cikin shekara uku ya daina bambanta rana da inuwa. Ya bar rumfar faci ya dawo zaure, da rediyonsa da gwangwaninsa.

A nan na gane cewa katunan nan ba da ido kaɗai ya san su ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana laluben inda ƙaya ta huda tayar keke, yatsunsa ba irin namu ba ne. Yakan tura hannu cikin gwangwanin ya ciro kati, ya shafa shi da babban yatsa, ya faɗa maka ko wane ne. Wannan ɓera ya ɗan gutsire masa kusurwa a shekarar da Babanmu ya rasu. Wancan yana da ɗigon sholishon faci a baya, wanda ya bushe ya yi tudu. Akwai wani gola mai hular hana salla da ya karye a tsakiya, saboda ni na taɓa zama a kansa ina yaro, har na sha mari. Na sha gwada shi, in cakuɗa su in miƙa masa ɗaya, bai taɓa kuskure ba.

Kuma da su yake kallon wasa. In yaranmu za su buga, nakan zo in ɗauke shi a babur, mu sami benci a bakin fili. Sai ya ɗora faranti a cinya, ya zaɓi kati goma sha ɗaya ya jera su yadda 'yan wasa suke tsayawa, kowane kati ya ba shi sunan yaronmu guda. Aikina in riƙa faɗa masa inda ƙwallo take. In na ce tana wurin lamba bakwai, yatsansa ya sauka kan katin, ya ɗan tura shi gaba. Yakan yi wa kati faɗa. Yakan ce da ni, "Na baya na hagu ya bar wurinsa ko?" In ɗaga ido in ga kuwa haka ne. A kan farantin nan yana ganin wasa fiye da ni mai ido biyu.

Shekarar da nake ba da labari, yaranmu suka yi abin da ba su saba ba, suka kai wasan ƙarshe. Saura kwana shida a buga na je Kabo, na tarar ya tafi asibiti duba ido tare da wani maƙwabcinsa. Matarsa ta ce da ni an yi ruwa da iska shekaranjiya, zauren ya yi yoyo, danshi ya shiga gwangwanin. Na buɗe na ga biyu sun manne da juna, wasu sun fara fumfuna a gefe. Raina ya ɓaci. Ni malamin makaranta ne, abin da na sani game da takarda mai daraja guda ɗaya ne: a yi mata laminetin, wato a liƙe ta cikin leda da injin zafi. Takardar haihuwata a leda take, ta gama makarantata a leda, har takardar filin da na saya. Na ce wa matar Yaya kada ta faɗa masa, zan yi masa bazata. Na sa gwangwanin a jaka ina jin kaina ƙanin kirki.

Mai shagon da na kai wa a Gwarzo dattijo ne, mun saba. Ya juya katunan a hannu ya ce, "Malam, waɗannan fa sun tsufa. In an liƙe, an liƙe ke nan, ba a buɗewa."

Na ce, "Abin da nake so ke nan, Alhaji. Ko jikokinsa su gaji."

Ya jera su goma-goma a cikin leda ya riƙa tura su inji. Suna fitowa da ɗumi, suna sheƙi. Ya sa wuƙar yanka takarda ya daidaita su, ya zagaye musu kusurwa don kada su yanki hannu. Aiki ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Ina tsaye ina yaba masa.

Washegari da hantsi na koma Kabo. Na sami Yaya a zaure. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi ruwan Gwarzo, na tambayi jiki da abin da likita ya ce. Likita bai ce komai sabo ba. Sannan ya ce tun jiya yake neman gwangwaninsa, an ce yana wurina. Na ɗora masa shi a cinya ina murmushi, kamar yana ganina.

Ya buɗe ya tura hannu. Ya ciro ɗaya ya shafa, ya juya bayansa ya shafa, ya ajiye. Ya ciro na biyu. Ya ciro na uku ya kai hanci. Sai da ya yi haka da kusan ashirin, sannan ya tambaye ni.

"Waɗannan na wane ne?"

"Naka ne, Yaya. Na sa an yi musu leda saboda ruwa."

Ya jinjina kai a hankali. Ya ce, "Duk sun zama mutum ɗaya."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Shekara uku ina kallon yatsun nan suna aiki, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Kunya ta rufe ni, da wani irin tsoro. Na fara surutu. Na ce zan riƙa karanta masa sunayen. Na ce zan sa reza in yi wa kowanne tsaga a gefe, wannan ɗaya, wancan biyu, ya haddace. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi ba tsaga ya riƙe ba, kuma bai ga yadda tsoho zai fara ajin farko da kati ɗari cikin kwana biyar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bai zage ni ba, ya ce Allah ya saka da alheri, ya san da kyakkyawar niyya na yi. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta juya ta koma.

Na roƙe shi ya bar ni in tafi da su in ga abin da za a iya yi. Mai shago ya maimaita mini abin da ya faɗa tun farko, bai ƙara ko kalma ba. Na tambayi wani abokin aikina, ya ce a gwada dutsen guga. Na tambayi wani, ya ce tururin ruwan zafi. Da safiyar ranar wasa na zauna a tsakar gida da reza da dutsen guga. Na zaɓi golan nan mai hula, don shi na fi sani. Na ɗumama shi, na tsaga gefen ledar, na ja a hankali ina bismilla. Ledar ta taso, ta taso da fuskarsa da hularsa da rigarsa gaba ɗaya. Abin da ya rage a hannuna ɗan kwali ne fari-fari mai kaushi. Na zauna ina kallonsa, hawaye suna zubo mini, ni da furfurata. Gyaran gangar Auzinawa sau biyu a mako guda. Don tsabar rashin ta ido na cusa shi can ƙasan gwangwanin, na rufe.

Bayan la'asar fili ya cika. Mutanen Kabo sun zo a motoci da babura, har da na Gammo da ƙauyukan gefenta. Na riga na ɗauko Yaya a babur na mayar masa da gwangwaninsa, muka sami bencinmu. Yaya ya ɗora farantinsa, ya ce in zaɓa masa goma sha ɗayan in jera. Na jera yadda na iya. Aka busa usur na fara faɗa masa: tana wurin lamba huɗu, ya ba lamba takwas. Yatsansa ya sauka ya zame, katin ya ture na kusa da shi, don ledar tana da santsi. Ya laluba ya gyara, amma bai san wa ya mayar ina ba. Kafin ya tambaye ni ƙwallo ta bar wurin. Bayan kamar minti goma ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Na ci gaba da magana, yana cewa to, to.

Aka tafi hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Yana zaune yana juya hannu cikin gwangwanin, haka kawai, sai na ga ya tsaya cak. Ya ciro kwalin nan. Ya bi tsakiyarsa da yatsa.

"Ga golana," in ji shi. "Ga karayar da ka yi masa."

Fuskarsa ta saki, karon farko a makon. Ya ture katin da na sa a raga ya ɗora wannan. Ya ce, "Ashe ana ɓarewa. Sai ka ɓare mini sauran."

Na so in ce to. Na kasa. Na faɗa masa gaskiya, cewa ledar ta tafi da hoton, babu fuska, babu hula, babu komai. Na ce sauran ma haka za su yi, kuma ban da tabbacin alamominsu za su tsira, tunda an yanke musu gefe. Aka dawo wasa.

Abokan karawarmu suka ci mu, muka farke saura kaɗan a tashi. Fili ya ɗauki ihu, wani ya rungume Yaya ta baya har hularsa ta faɗi, na ɗauka na mayar masa. Aka je bugun fenariti. Ya tattara goman ya zuba a gwangwani, ya bar kwalin kaɗai a tafin hannunsa. Duk bugun da za a yi mana sai ya matse shi, leɓunansa suna motsi. Golanmu ya kaɗe ɗaya. Yaranmu suka zubar da biyu. Ni na faɗa masa mun rasa kofin, da bakina, duk da ihun mutanen ɗaya gefen ya riga ni.

Muka zauna har fili ya fara raguwa. Can nesa ana zagayawa da kofi a kan kafaɗu. Ya tambaye ni ko babba ne, na ce matsakaici ne. Ya ce yaran sun yi ƙoƙari, a gaya wa golan kada ya sa abin a ransa.

Sannan ya rufe gwangwanin, ya danna murfin da tafin hannu, ya lalubo cinyata ya ɗora mini.

"Kada ka ɓare su," in ji shi. "Bar musu fuskokinsu. Kai da kake gani, ka riƙe."

Na ce, "Yaya, naka ne fa."

"Na ɗauki nawa."

Ya sa kwalin a aljihun gaban rigarsa, ya miƙe, ya miƙo mini hannu in kai shi inda na ajiye babur.